Ƙullin Bakin Zanen Gwaggo Ige

Shekara uku ke nan da rasuwar Gwaggo Ige, Allah ya jiƙanta da rahama. Da kaka ta rasu, ana tsakiyar yankan dawa, a shekarar da aka ba mu jiha. Wanda ya ga wannan kakar ba zai manta da ita ba. Amfani ya yi kyau, amma hankalin mutane ba ya gona. Kowa maganar Gusau yake yi: wane ya samu aiki, wane an dawo da shi daga Sakkwato, ɗakin haya ya yi wuya, ana neman kafintoci da masu fenti ruwa a jallo. Shekara ce ta ɗaure kaya. Ko wanda ba shi da inda za shi, sai ka gan shi kamar ƙafarsa ɗaya tana waje. A cikin wannan hayaniya tsohuwar ta tafi shiru a ɗakinta na Nahuce, ni kuwa ina Gusau ina jera kwanoni a gidan haya.

Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi riƙon alƙalami, don haka mai karatu ya yi haƙuri da ni. Abin da ya sa na ɗauki biro bana, ban ɗauka bara ko bara waccan ba, abu biyu ne da suka haɗu cikin akwati ɗaya a ɗakina. Na farko zanen Gwaggo ne, baƙi na saƙi, da ƙulli a bakinsa wanda ita ta ƙulla da hannunta, shekara uku ba a kwance ba. Na biyu takarda ce da aka aiko wa autata Balki, an ba ta gurbin karatun ungozoma a Sakkwato. Mahaifinta ya karanta, ya miƙo mini, ya ce, “Ke kika san ɗiyarki. In kin ce ta tafi, ta tafi.” Ni kuwa na ninke takardar na sa ta ƙarƙashin zanen, na rufe akwati. Sati uku ban ce e ba, ban ce a'a ba, ranar da aka ce su hallara kuwa tana ta matsowa. Yayyenta maza duk sun kama gabansu. Malam, maigidana, da sassafe yake fita shago, sai magariba. In Balki ta tafi, ni da bango za mu rage.

Gwaggo Ige yayar mahaifin maigidana ce. Ta yi aure biyu, ta haifi huɗu, babu wanda ya rayu, sai ta dawo gidan ƙanenta a Nahuce, ƙasar Bungudu, ta zauna da kaɗin audugarta. Can aka kai ni daga Tsafe ina amarya. Ban san kowa ba. Na yi wata biyu ba a jin muryata sai wajen gaisuwa, in na gama aikina in shige ɗaki in zauna ina tunanin duwatsun garinmu. Ita ta sa mini suna Ta-Tsahe, yadda bakinta ke faɗin Tsafe, har ta bar duniya ba ta kira ni da wani suna ba.

Kowa ya san tatsuniya ta yara ce, kuma sai an ci tuwo ake yin ta. Tun muna ƙanana ake tsorata mu cewa mai yin ta da rana ɓata yake yi a kasuwa. Gwaggo da rana take yin tata, kuma ba yara take yi wa ba, matan aure take yi wa. Da hantsi, in maza sun fita gona, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta ajiye taskirar auduga, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Mu kuma mu kewaye ta muna ɓarar gyaɗa. Kafin ta buɗe baki sai ta kama bakin zanenta ta ƙulle tamau, wai ƙullin ne ke riƙe mai labari kada ya ɓata. Na ga wasu tsofaffin ma suna yin haka in dole ta sa su yin tatsuniya da rana, sai dai su da sun gama suke kwancewa. Gwaggo kuwa ba ta gamawa.

A kowane labari nata akwai tsohuwa zaune a mararraba. Sauran masu tatsuniya da na sani da sauri suke wuce ta, su ce yarinya ta iske wata tsohuwa ta nuna mata hanya, su ci gaba. Gwaggo a nan take sauke kaya. Sai ta faɗa mana irin tabarmar da tsohuwar ke zaune a kai da inda ta yage, da yawan haƙoran da suka rage mata, da sunan akuyarta, da abin da ta karya da shi, da yadda tari ke katse mata magana. Har mu ƙosa. In tsohuwar ta gama ba da shawara, yarinya ta ɗaga ƙafa za ta wuce, sai mazari ya tsaya. Gwaggo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Tsohuwa ta ƙare nata. Saura wa?” Wadda ta nuna, ita za ta kai yarinyar ƙarshen tafiya da bakinta. Ƙullin kuwa yana nan ko kwana nawa za a yi. In wanki ya kama, da ƙullinsa ake wanke zanen, sai ranar da aka kai labarin gida.

Nawa na farko ban manta shi ba. Wata yarinya ce rijiyar garinsu ta ƙafe, ta fita neman inda ruwan ya koma. Ta iske tsohuwa da ƙaya a ƙafa, ta durƙusa ta cire mata. Tsohuwa ta ce, ki bi hanyar da babu sawu. In kin kai gulbi kada ki sha sai kin gaishe shi. In kin samu abin da kike nema, ki koma gida ta wata hanya, kada ki biyo ta nan. Gwaggo ta tsai da mazari, ta nuna ni da shi, ta ce, “Ta-Tsahe, kai ta.”

Na sunkuyar da kai har aka tashi. Kwana tara ƙullin nan yana lilo a bakin zanenta, kuma duk inda muka haɗu sai ta girgiza mini shi. In zan wuce da tulu ta ce, “Ta-Tsahe, kin bar ɗiyar mutane tsaye bisa hanya, rana na cin ta.” Da safe in na je gaisuwa ta ce, “Lahiya lau muka kwana, mu da muke da ɗaki. Ita ko Allah kaɗai ya san inda ta kwana.” Rana ta tara, ina ɓarar gyaɗa kaina a ƙasa, na ji bakina ya fara tafiya. Na kai yarinyar bayan wani dutse, na siffanta shi tsaf, da tsagar da ke gefensa da kukar da ke gindinsa, ban sani ba ashe dutsen bayan gidanmu na Tsafe nake faɗi. A nan na sa ruwan ya ɓuya. Da na kai ƙarshe hawaye na zuba cikin gyaɗar. Gwaggo ta kwance ƙulli a hankali, ta ce wa matan, “Ashe da baki anka kawo ta. Ni na ɗauka sai da anka cire shi sannan anka sa mata lalle.” Aka yi ta dariya, har da ni. Daga ranar na zama 'yar gida.

Sai da na daɗe sannan na gane abin da take yi. Kowace mace damuwarta take zubawa a ƙarshen labari ba tare da ta sani ba, Gwaggo kuma tana kaɗi tana saurare. Ta nan take gane wadda mijinta ya daina yi wa magana, da wadda ke kewar uwarta, da wadda ciki ke ba tsoro. Ba ta taɓa ce wa kowa ƙarshenki bai yi ba. Hussai, matar ƙanen maigidana, duk yarinyar da aka ba ta sai ta aurar da ita ga mahauci, saboda son namanta, Gwaggo kuma ta kwance ƙulli ta ce Allah ya ba da zaman lafiya. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi, gaggawa. In kika yi tsalle daga mararraba sai gida, za ta ce, “Da jirgi ta tahi? Koma ki taka da ita.”

Ita ce kuma ta tura ni makaranta. Da aka buɗe ajin mata a firamaren garin, wata malama tana zuwa daga Bungudu sau uku a sati, Malam ya ce Balki ta yi ƙanƙanta, wa zai riƙe ta. Gwaggo ta ce ita bayanta bai mutu ba. Ta ce da ni, “Ni ban san inda wagga hanya ta ɓulle ba, amma na ga hanya ce. Tashi.” Shekara biyu tana goyon Balki da la'asar, ni ina can ina fama da baƙaƙe da wasula.

Da hannuna ya faɗa, abin da na fara yi shi ne na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na ce zan adana labaran Gwaggo kada su salwanta. Takarda tana da tsada a idona, ga rubutuna manya-manya, sai na yi dabara. Na ga ai labari yana wajen tafiyar yarinya, wajen gulbi da dodanni da komawa gida. Saboda haka duk inda na zo kan tsohuwa sai in rubuta, “Ta haɗu da wata tsohuwa ta nuna mata hanya,” in wuce. Na cika littafi, na kawo shi inuwar rumbu ina jin kaina, na karanta mata guda uku a jere. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, “Nuna min inda tsohuwar take.” Na ɗora yatsa a kan layin. Ta kawo nata yatsan mai alli ta auna tsawonsa, har ya bar farin tabo a takardar, yana nan har yau. Ta ce, “Ita ke nan duka? Akuyar fa?” Na ce babu wuri. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, “Ba laihinki ba ne. Haka kowa ke yi mata.” Ni ma na yi dariya. Ban ji komai a cikin maganar ba a lokacin.

Sai shekarar jiha ta zo. Malam kafinta ne, sababbin ofisoshi kuwa suna neman tebura da kujeru, ya samu shago da ɗaki biyu a Gusau. Ranar tashinmu, an gama loda kaya a bayan a-kori-kura, na je sallama. Na iske ta a inuwar rumbu ita kaɗai. Ta ce in zauna. Na ce direba na jira. Ta ce ya jira, ba gawa ya ɗauko ba. Ta kama bakin zane ta ƙulle, ta ɗauko labarin nan na farko, na yarinya mai neman ruwa, ta bi shi har inda tsohuwa ta ce kada ki biyo ta nan. Sai ta ce, “Yarinya ta wuce. Tsohuwa ta bi ta da kallo har ta ɓace. Sannan mi ta yi?”

Na ce, “Yarinyar?”

“Tsohuwar.”

Na ce, “Gwaggo, ai labari yarinya yake bi.”

Ta ce, “Wanga bai bi ta ba. Nan ya tsaya. Kai shi.”

Direba ya danna ham. Na ce mata zan zo kafin azumi da ƙarshensa, mai kyau, rubutacce. Ta ce Allah ya kai mu, ta ɗauki mazarinta.

Tsakanin Gusau da Nahuce tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Sati bakwai na yi ban je ba. In aka tambaye ni nakan ce hidimar sabon wuri ce, da neman wa Balki makaranta, kuma duk gaskiya ne. Amma babbar gaskiyar ita ce ban samu ƙarshen labarin ba, kuma ina jin kunyar in je mata baki wofi. Sau huɗu ina rubutawa ina sokewa. Na sa yarinya ta dawo da raƙuma ta ɗauki tsohuwa, na tuna ai an ce kada ta biyo ta nan. Na sa tsohuwa ta rikiɗe ta zama tsuntsuwa, na ga ƙarya ce, mai akuya da tari ba ta tashi sama. Na ɗauka sai da amsa ake zuwa wurinta. Ban yi tunanin in je hannu biyu kawai in zauna in ɓare mata gyaɗa ba.

Wata rana da asuba Gwaggo ta cika. Aka ba wani direba saƙo, ya shigo unguwarmu yana tambayar gidan kafinta mutumin Nahuce, babu wanda ya san mu. Bai same mu ba sai bayan azahar. Ko da muka isa an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Hussai ta ja ni ɗaki ta miƙo mini zanen. Ta ce a ƙarƙashin matashinta aka same shi, matan da suka gyara ɗakin sun lallatsa ƙullin suna zaton goro ne ko 'yan kwabbai, suka ji babu komai, har wata ta kai haƙori za ta kwance. Hussai ta fizge, don Gwaggo ta bar wasiyya: a ba Ta-Tsahe, kada kowa ya taɓa. Na karɓa, ban tambayi komai ba. Tsoron amsar nake ji.

Shekara ukun nan nakan zauna in ce, da Gwaggo za ta leƙo Gusau ta yau, me za ta ce? Na san kabu-kabu, babur ɗin hayar nan, zai ba ta dariya, ta ce mutane sun mai da kansu buhuna. Gidan da muke haya ɗaki tara ne, kowa da garin da ya fito, kowa da labulensa a sake. Da hantsi, lokacin da muke kewaye ta a Nahuce, nan matan gidan ɗakin mai bidiyo suke taruwa in akwai wuta. Na shiga sau biyu. Ban raina abin ba, yaran da ke wasan suna ƙoƙari, kuma labari labari ne. Sai dai na lura tsofaffin da ke ciki aikinsu biyu ne, ko faɗa ko kuka. Babu wadda ke zaune a mararraba. Kuma akwatin bidiyon shi ke farawa, shi ke ƙarewa, ba ya tsayawa ya dubi kowa ya ce saura wa. Mata su tashi kowa da abin da ta shigo da shi a ciki. Akwai wata amarya a ɗakin ƙarshe, an kawo ta daga wajen Gummi, mijinta ma'aikaci ne. Wata huɗu ban ji muryarta ba sai gaisuwa. Nakan gan ta ta gama shara ta shige ɗaki, in ce a raina da Gwaggo na nan da tuni ta girgiza mata bakin zane. Ban taɓa tambayar kaina ba, to ni fa? Ina da Balki, ita nake yi wa hira, ita ke karanta mini abin da ya fi ƙarfina, ita ke dariyar labaran Nahuce ko ta ji su sau goma.

Tun da takardar nan ta zo kuwa hirar ta mutu. Balki ba ta tambaye ni ba ko sau ɗaya, tarbiyyarta ba ta ba ta ba. Sai dai in na shiga ɗaki in ga idonta ya kai kan akwati ya dawo.

Ran Asabar da ta wuce Hussai ta shigo Gusau sayen kayan auren ɗiyarta, ta biyo ta wurina da azahar. Ta tsufa, amma bakin yana nan. Na dama mata fura, muka taɓa hirar gida, har muka lissafa muka ga kwanan Gwaggo ya zagayo. Sai na ji tambayar da na riƙe shekara uku ta fito da kanta.

Na ce, “Hussai, don Allah, ta neme ni?”

Ta ajiye ludayi. “Sai yau? Ta daɗi kike so ko ta gaskiya?”

Na ce ta gaskiya.

“Ta neme ki, amma ba da baki ba. Tun sati na biyu ta sa munka ɗauke mata tabarma daga gindin rumbu munka kai bakin zaure, inda ake hangen hanya. Duk motar da ta rage gudu sai mazari ya tsaya. In ta wuce ya ci gaba.”

“To me ya hana ku aiko mini?”

“Ita ta hana. Na ce bari in ba direba saƙo, nan da nan ne. Ta ce, ‘Hussai, in kinka aika, ni da ke.’ Ta ce, ‘Ni na nuna mata hanya, ni kuma in tsaya bayanta ina kira? Mace ta koma sabon wuri, ko inda ake sai da gishiri ba ta sani ba. Ku bar ta ta kafa murhunta.’”

Na ce, ita kaɗai ke nan ta yi ta zama a bakin zaure.

“Wa ya hwaɗa maki? Wancan zanen ta ninke maki shi, ta ɗaura wani. Ta kama amaryar gidan liman, wata mai kunya irinki, tana yi mata labari ido na bisa hanya. Ranar da za ta kwanta ciwo ma sai da amaryar ta kai nata labarin gida.” Hussai ta ɗauki ludayi ta kurɓa, ta dube ni ta gefen ido. “Ke ko na ji an ce kin zaune takardar ɗiya kamar kaza bisa ƙwai. Mi kike jira ta ƙyanƙyashe?”

Na ce, “In ta tafi, da wa zan yi magana?”

Ta ce, “Gidan ga ɗaki tara na ƙirga da na shigo. Aljanu ke ciki?”

Bayan ta tafi na daɗe zaune a tsakar gida. Shekara uku ina neman ƙarshen labarin a cikin kaina da cikin littafi, ashe Gwaggo ba ta bar ni da nema ba, ta zauna a bakin zaure ta yi shi da jikinta sati bakwai. Kuma tun ranar farko ta faɗa mini, a bakin tsohuwar: kada ki biyo ta nan. Na ɗauka sharaɗin tatsuniya ne irin wanda ake karyawa dodo ya fito. Ban gane cewa mai faɗinsa ita ce za ta rage ita kaɗai a mararraba ba, kuma ta sani, kuma ta faɗa.

Ran Lahadi na buɗe akwati na ba Balki takardarta. Ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu. Ran Litinin ni da mahaifinta muka kai ta tasha. Na yi niyyar ce mata ta riƙa zuwa duk bayan sati biyu, maganar har ta zo bakina, na haɗiye. Na ce ta riƙe salla. Na ce duk matar da aka kawo mata kan gwiwa, ta fara tambayar sunanta kafin ta taɓa ta. Na ce in an ba su hutu ta zo, in ba a ba su ba kada ta ƙirƙiro don ni. Mota ta tashi, na bi ta da kallo har ta sha kwana. Malam ya wuce shago, na dawo gida ni kaɗai, na auna shinkafar mutum uku kafin in tuna.

Ba zan ce wa mai karatu abin da daɗi ba. Babu daɗi. Yanzu na san abin da ke tsai da mazari in mota ta rage gudu. Gwaggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba, kabarinta ma Malam ya ce sai an nuna maka. Labaranta da na rubuta suna nan, amma na yanke ta daga cikinsu da hannuna, na ba ta layi guda. Abin da ya rage nata shi ne mata kamar goma sha, a Nahuce da Gusau da inda aure ya kai su, waɗanda aka kawo ba baki suka tashi da baki. In an ba da labarinsu ba za a ambace ta ba, ko kuma a ce wata tsohuwa ce ta nuna musu hanya. Wannan rubutu akuyarta ce da tarinta da tabarmarta nake mayar mata, gwargwadon wurin da jarida za ta ba ni. Allah ya haskaka kabarinta, ya yafe mini sati bakwai ɗin nan.

Washegari, Talata, da Malam ya fita, na share tsakar gida. Na ɗauko zanen na zauna a bakin ƙofata, na faɗi ƙarshen labarin a fili, a hankali, yadda take so: tsohuwa ta bi yarinya da kallo har ta ɓace, zuciyarta ta yi ciwo, ba ta kira ba. Ta kaɗe tabarmarta, ta ba akuya ruwa, ta gyara zama, don hanya ba ta rasa mai zuwa. Sannan na sa hannu a ƙullin. Ya ƙi, sai da na sa haƙori. Da ya kwance bakin zanen bai miƙe ba, ya tsaya a murɗe, na shafa na shafa na bar shi haka.

Na ninke shi na mayar akwati. Na juye gyaɗa kwano biyu a faifai, na shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, na je ɗakin ƙarshe na yi sallama. Amaryar ta ɗaga labule tana gyara ɗankwali. Na ce ta zo ta kama mini ɓara, hannuna ɗaya ba ya isa. Ta zo ta zauna a bakin tabarma, kanta a ƙasa. Na kama bakin zanena na ƙulle tamau. Ta ɗago ido ta dubi ƙullin, ta dubi rana, ta ce a hankali, “Inna, da hantsi?”

Na ce, “Matso, Ta-Gummi. Wata yarinya ce rijiyar garinsu ta ƙafe.”